Ƙusar da ba ka gani a hoto ba, kada ka buga ta

A Ingila akwai mutanen da nishaɗinsu shi ne ƙera ƙananan kawunan jirgin ƙasa da hannu. Ba na roba da ake saya a kwali nake nufi ba. Mutum zai ɗauko fallen tagulla da siririn zarto da magagari da dalma, ya zauna wata da watanni, wani ma shekaru, har ya fitar da kan jirgi irin na zamanin kwal, tsawonsa taƙi ɗaya da 'yan yatsu, kuma idan aka ba dogon wuta ya tashi ya ja taragai. A cikinsu akwai wani rukuni da sauran suke yi wa shaguɓe, wai masu ƙirga ƙusa. Su ne za su sunkuyo kan aikin da ka kwana a kai, su ce ƙusoshin gefen tankin ruwan nan jeri biyu ne, kai ka yi ɗaya. Ni ina bayansu. Sai dai dalilina ya sha bamban da wanda yawancinsu ke bayarwa.

Ga wanda bai san ƙusar da ake magana ba: kafin walda ta zama ruwan dare, da ita ake haɗa manyan fallayen ƙarfe. Ba ta da tsini. A huda fallen biyu, a gasa ta har ta yi ja, a zura, mutum ɗaya ya tokare kanta, wani ya daki gindin har ya baje ya zama kai na biyu. Idan ta huce sai ta tsuke, ta matse fallayen gam. Waɗannan kawunan ne ake gani jere a jikin tsohuwar gada da tsohon kan jirgi.

Yanzu mu yi lissafi. Ma'aunin da ya fi yawa a Ingila shi ne OO, inda milimita 4 ke tsayawa a madadin ƙafa ɗaya, wato an rage komai sau 76 da ɗoriya. Kan ƙusar da faɗinsa inci ɗaya ne a jirgin gaske, a nan zai dawo sulusin milimita. Idan tazarar ƙusa da ƙusa inci 3 ce, a nan milimita 1 ce. Ke nan falle mai tsawon milimita 100 zai ɗauki ƙusa 100 a jeri guda, kuma gefe biyu ne, kuma jerin ba ɗaya ba ne. Ko a babban ma'aunin O, mai milimita 7 a ƙafa, kan ƙusar rabin milimita ne da ɗan ɗoriya.

Yadda ake fitar da su shi ne abin kallo. Ba ƙusa ake sawa ba. Ana kifa fallen ne, sau da yawa mai kaurin rubu'in milimita, a zana layi a bayansa, a ɗora shi kan wata 'yar maƙera mai ƙaramin rami, a saita tsinken ƙarfe a kan ɗigon, a buga. Ƙarfen ya faɗa ramin, ta gaba sai ga ɗan ƙullutu. Tunda ta baya ake aiki, dole zanen ya zama a juye, hagu ta koma dama. Kuma hannun ɗan Adam ba ya buga guduma sau ɗari da ƙarfi iri ɗaya, shi ya sa aka yi wani tsinke mai ɗan nauyi da ke zamewa a jikinsa: ka ɗaga nauyin zuwa alama, ka sake shi ya faɗo, kowane bugu daidai da na baya. Wasu kuma matsa suke amfani da ita, mai teburin da ke gusawa da murɗa noti. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne kowace ƙusa tana ɗan miƙar da ƙarfen. Ka jera hamsin a bakin siririn falle, sai ka ga ya tanƙware ya ƙi kwanciya. Don haka gwanaye kan buga ƙusoshin tun fallen yana da faɗi, daga baya su yanke shi. Tun ran gini ran zane.

Ido ba ya ƙirga su, wannan gaskiya ne. Amma kamar ɗinkin hula ne, ba wanda ya san adadin zaren da ke jiki, sai ɗaya ya kauce layi kowa ya gani. Ƙusa ɗaya da ta fi 'yan'uwanta girma, ko ta goce kwatan milimita, ita kaɗai za ka riƙa gani duk lokacin da haske ya faɗo a karkace. Gara gefen tanki sumul ba ko ɗaya da jerin da ya yi ta tangaɗi.

Inda na fara rabuwa da wasu masu ƙirgar shi ne tunanin cewa yawan ƙusa shi ne yawan gaskiya. Sam. Wannan doguwar gangar da kake gani a tsakiyar kan jirgi ba tukunyar ruwan ba ce, rigarta ce, siririn falle da aka naɗe a kan abin tsare zafi aka ɗaure da ɗamara. Ƙusoshin tukunyar suna can ciki. Wanda ya yayyafa su a kan rigar ya yi ado ne kawai. Haka nan yawancin kamfanonin dogo na Ingila a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 sukan nutsar da kan ƙusar cikin fallen, a goge, a cike, a bi da fenti hawa-hawa har jikin ya yi santsi. Ƙusoshin suna nan, amma ba a ganinsu. Daga baya da aka fara tsimin kuɗi da lokaci ne masu tudu suka yawaita, daga bisani kuma walda ta zo ta sake share su. Saboda haka jikin da ba ƙusa yana iya zama na tsohon zamani, yana iya zama na sabo, ya danganta da jirgin.

A nan ne ƙirgar take da amfani. Ba za ka iya ƙirga ƙusar "irin jirgi kaza" ba. Dole ka ce wanne, lamba nawa, a wace shekara. Ɗauki nau'in nan da William Stanier ya zana wa kamfanin dogo na LMS, wanda ake kira Black Five. An ƙera guda 842 tsakanin 1934 da 1951, wasu a ma'aikatun kamfanin da ke Crewe da Derby da Horwich, wasu a wajen 'yan kwangila, Vulcan Foundry da Armstrong Whitworth. Taragon ruwa da kwal da suke ja a baya, wani da ƙusa aka haɗa shi, wani da walda, wani rabi da rabi. Kuma idan jirgi ya shiga babban gyara ba lallai ya fito da taragon da ya shiga da shi ba, ko ma da tukunyar. Mutumin da ya nace sai ya san ko taragon lambar da yake ƙerawa mai ƙusa ne a shekarar da ya zaɓa, ya shiga binciken tarihi ke nan ko bai yi niyya ba. Zai nemi zanen ma'aikata, ya nemi katin tarihin jirgin, ya tara hotuna masu kwanan wata. Kuma zai gano abin da duk mai wannan aiki ke ganowa, cewa zanen yana faɗin abin da injiniya ya so ne, hoto ne ke faɗin abin da maƙera suka yi.

Ko shahararren kan jirgin nan Flying Scotsman haka yake. Ya fito daga Doncaster a 1923 da lamba 1472, ya koma 4472 a 1924, ya zama 103 a 1946, sannan 60103 bayan gwamnati ta karɓe dogo a 1948. A 1928 an ba shi tarago mai lungu a ciki don direbobi su canji juna ba tare da an tsaya ba tsakanin Landan da Edinbura. A 1947 aka sa masa tukunya mai ƙarfin tururi fiye da ta farko. Bututun hayaƙi mai baki biyu da fallayen kare hayaƙi na gefen gaba kuwa sai a shekarunsa na ƙarshe a bakin aiki. To idan mutum ya ce ya ƙera shi "daidai", tambayar farko ita ce: na yaushe?

Sai kuma abin da ba a cika son a taɓo ba. Faɗin dogon Ingila, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafunansa biyu, milimita 1435 ne. Ka rage shi sau 76.2, zai ba ka milimita 18.83. Amma dogon OO milimita 16.5 ne, wanda aka aro daga ma'aunin HO na 1:87. Dalilin tarihi ne: jiragen Ingila sun fi na Turai da Amurka ƙanƙanta, injinan lantarkin da ake sawa cikin ƙananan jiragen a shekarun 1920 da 1930 kuma manya ne, sai aka ƙara girman jiki aka bar dogo yadda yake. Sakamakon haka ƙafafun kowane jirgin OO sun matso ciki da abin da ya kai inci 7 a jirgin gaske. Inci bakwai! Ka tsaya ta gabansa ka duba, za ka ga jiki ya yi wa ƙafafu yawa. Mutum yana tsaye kan wannan, yana nuna wa wani yatsa a kan ƙusa uku da suka ɓace a bayan ɗakin direba. Laifi tudu ne. Waɗanda abin ya dama da gaske sun koma ma'aunin EM mai dogon milimita 18.2, ko P4 mai 18.83 cif, suka ɗauki wahalar da ke tafe da shi, don a P4 leɓen ƙafa siriri ne ƙwarai, idan dogo bai kwanta ba ko ƙafafun ba sa ɗan motsi sama da ƙasa, jirgi zai sauka. Ban ce kowa sai ya bi su ba. Na dai ce wanda ya yafe wa kansa inci 7 ya kamata harshensa ya yi laushi.

Jerin muhimmanci a wajena a bayyane yake. Tazarar ƙafafu, tsayin tukunya daga dogo, surar bututun hayaƙi da yadda gindinsa ke kwanciya a kan ganga, lanƙwasar rufin ɗakin direba, waɗannan su ne fuskar jirgi. Idan bututu ya yi kauri da rabin milimita, wanda ya san jirgin zai ji wani abu bai zauna ba tun daga ƙofar ɗaki. Kuma a tuna, tsayawa mita ɗaya daga jirgin OO daidai yake da tsayawa mita 76 daga na gaske. Daga wannan nisa ba ka ganin ƙusa ɗai-ɗai, inuwar layinsu kake gani. Shi ya sa manyan ƙusoshin da ake samu a wasu jiragen roba, da waɗanda wasu ke zanawa a kwamfuta su buga da injin 3D, suke ɓata mini rai fiye da rashinsu. An kumbura su ne don mai saye ya ce an yi aiki. Na yarda a ɗan ƙara musu kaɗan saboda fenti yana cinye su, amma idan ka mayar da lissafi ka ga kan ƙusar ya kai inci uku, an bar batun daidaito.

A ƙauyen Long Wittenham kusa da Oxford akwai gidan tarihin Pendon, wanda Roye England, mutumin Ostareliya, ya kafa a 1954 don adana kamannin karkarar Ingila ta shekarun 1920 da 1930 a ƙaramin ma'auni. Da yawa daga kawunan jiragen wurin Guy Williams ne ya ƙera su da hannu, a kan dogon EM. Abin da ya ɗaukaka aikinsa shi ne suna tafiya a hankali ba gargada, suna jan dogon jerin taragan kwal shekara da shekaru a gaban baƙi. Kan jirgin da ya cika ƙusa dubu amma yana tsayawa a kowace mahaɗar dogo, wurinsa cikin kabad.

Mu kuma abin ya shafe mu ta wata fuska. Jirgi ya iso Kano a 1911, a kan dogo mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1067. Akwai kuma ƙaramin layin Zariya zuwa Jos mai ƙafa 2 da inci 6 da aka rufe a 1957. Yawancin kawunan da suka ja gyaɗa da auduga da kuza a waɗannan layuka daga Birtaniya aka kawo su: Garratt masu inji gaba da baya daga Beyer Peacock na Manchester, da nau'in da aka sa wa sunayen koguna, wanda Vulcan Foundry ta fara ƙerawa a 1948, har jiragen Gabashin Afirka suka ɗauki zanensa. Ba za ka shiga kanti ka samo su a kwali yadda ake samun Black Five ba. Mai son ɗaya sai ya yanka tagulla da kansa. Abin daɗin shi ne lissafi yana bayanmu: a ma'aunin 1:64, dogonmu zai zama milimita 16.7, kusan daidai da dogon 16.5 da ke ko'ina a kasuwa, kuma da wannan dabarar mutanen New Zealand suke ƙera nasu, tunda faɗin dogonsu irin namu ne.

Abin da zai yi wa mai wannan niyya wuya shi ne shaida. Hoton da kamfani ya ɗauka ranar da jirgi ya fito, an shafa masa toka-tokan fenti don komai ya fito, zai nuna ƙusoshin ranar farko. Ba zai nuna facin da aka buga wa tanki a Zariya ko Ebute Metta ta Legas bayan shekara goma sha biyar ba. Wannan sai a hotunan gida. Don haka duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi aikin reluwe, a Zariya ne, a Kafanchan ne, a Minna ne, ya duba akwatin tsofaffin takardu. Ko da mutane ne suka tsaya a gaban jirgin, a ɗauke shi da waya a wuri mai haske, a tabbata lambar ta fito, a juya a ɗauki bayan ma idan an rubuta shekara.