Motar gida da ɗan akwatin da aka ɓoye a gindin dutse

Da zarar makarantu sun tafi dogon hutu a nan Amurka, daga Yuni zuwa Agusta, sai manyan hanyoyin yammacin ƙasar su cika da waɗannan motocin masu ɗaki da kicin da banɗaki, waɗanda suke kira RV. Mutanenmu idan suka ga hotunansu sukan rabu gida biyu. Wasu su ce kai, waɗannan su ne suka more duniya. Wasu kuma su ce aikin banza, mutum da gidansa da gadonsa ya je daji ya kwana, kuma wai da kuɗinsa. Ni a ganina dukkansu motar suke kallo, alhali motar ita ce mafi ƙarancin daɗi a cikin tafiyar gaba ɗaya.

Bari mu fara da ita, tunda ita ke ɗaukar ido. Babbar cikinsu, wadda ta kai girman bas, lita ɗaya ba ta kai ka nesa da kilomita 3 zuwa 4. Idan haya ka ɗauko, ka biya kuɗin kwana, ka biya kuɗin nisan da ka yi, wani kamfanin har awannin da janareta ya yi aiki sai ya lissafa maka. Sannan maganar da ake yi cewa duk inda dare ya yi maka nan ne gida, ka bar ta a bakin masu talla. Zangunan da ke cikin manyan gandun dajin gwamnati tun wata shida kafin lokaci ake buɗe rajistar da yawansu a intanet, kuma masu kyan ba sa kwana. A Yellowstone, gandun da aka keɓe tun 1872, zango ɗaya tak ne ke da wuta da ruwa da bututun ƙazanta na haɗa wa mota, wato Fishing Bridge, shi ma ba a yarda da tanti ko mota mai bangon tamfol ba saboda namun dajin nan masu haɗari, beyar. A gandun Glacier da ke Montana kuwa, hanyar da kowa ya je don ita, Going-to-the-Sun, an hana duk motar da ta wuce ƙafa 21 hawa tsakiyarta. Ka jawo gida tun daga Chicago, ka zo bakin abin kallo a ce ka ajiye shi ka shiga motar haya.

Akwai kuma aikin da ba a ɗaukar hotonsa. Duk bayan 'yan kwanaki sai ka je wurin zubar da ƙazanta, ka sa safar hannu ta roba, ka ɗaura wani kakkauran tiyo a gindin mota, ka tabbatar ɗaya bakin ya zauna daram a rami. Ka fara jan marfin tankin bayan gida, sai ya gama, sannan ka ja na ruwan wanka da wanke-wanke don ya ɗauraye tiyon. Wanda ya juya tsarin nan, hancinsa zai gaya masa. A bayanka kuma motoci sun yi layi, kowa na kallo yana jira.

To me ya sa ban ce a bar ta ba? Domin ga musulmi mai iyali tana warware matsalar da otel ba ya warwarewa. A ƙauyukan Wyoming ko Utah, kana iya yin tafiyar wuni ba ka ga inda za ka sayi naman halal ba. Da firiji da murhun gas a bayanka, uwargida ta zubo kaji da garin tuwo da kuka tun daga gida, magana ta ƙare. Ga ruwan alwala, ga wurin shimfiɗa darduma ba tare da kowa ya zuba maka ido ba. A Montana a watan Yuni sai bayan ƙarfe tara na dare magariba ke yi, asuba kuma ta zo da wuri, ka ga samun gado kusa ba ƙaramin abu ba ne. Kuma a filayen gwamnatin tarayya da hukumar BLM ke kula da su, mutum kan iya zama har kwana 14 kyauta a wurare da yawa, ba wuta, ba famfo, ba maƙwabci.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Wannan tafiya tana da saurin rikiɗa ta koma tuƙi daga wurin ajiye motoci zuwa wani wurin ajiye motoci. Ka isa Old Faithful a Yellowstone, maɓuɓɓugar ruwan zafin da ke tsartuwa sama kusan duk bayan awa ɗaya da rabi, ka zauna a benci cikin dubban mutane, kowa ya ɗaga waya, ruwa ya tashi, a watse. Abin mamaki ne, ikon Allah, ban raina ba. Sai dai abin da ka gani shi ne abin da ɗimbin mutane ke gani kowace shekara, daga kusurwa guda. Kilomitoci ɗari-ɗari da ke tsakanin wannan wurin da na gaba kuwa sun wuce ta taga, yara na baya suna danna waya.

Abin da ke ceto tafiyar, a wajena, shi ne wasan nan da suke kira geocaching, farautar ɓoyayyun akwatuna da GPS. Asalinsa ma abin sha'awa ne. Kafin shekarar 2000, sojojin Amurka da gangan suke dagula siginar GPS ga farar hula, na'ura ta nuna ka a nan alhali kana can da tazarar da za ta iya kai mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Ranar 3 ga wata wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, da littafin sa hannu da 'yan tarkace har da gwangwanin wake, ya rubuta lambobin wurin a intanet ya ce a nemo. Aka nemo. Yau akwai irin waɗannan ma'ajiyoyi sama da miliyan 3 a duniya.

Ƙa'idar ba ta da yawa. Ba a binnewa, ba a sa abinci, tsakanin ma'ajiya da ma'ajiya sai an bar mita 161. In ka samu ka rubuta sunanka da kwanan wata a takardar ciki. In ka ɗauki wani abu, ka ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi, ka mayar da akwatin yadda ka same shi. Waya za ta kai ka kusa, ta ce saura mita biyar, saura uku, daga nan sai ta fara rawa, kibiya ta nuna gabas ta nuna yamma. A nan ake ajiye ta a koma ga ido. Wane dutse ne ya zauna ba bisa ɗabi'a ba? Me ya sa itatuwan nan uku suka kwanta a jere kamar hannu ne ya jera su? Sai ƙaramin cikin yara, wanda idonsa ya fi kusa da ƙasa, ya ƙwalla ihu. Ka jawo tsohon akwatin harsashi na soja, murfinsa ya buɗe da ƙara, ciki ga 'yar motar roba, ga maɓalli, ga littafi da ya sha danshi ɗauke da sunayen mutanen da suka tsuguna a daidai wurin nan shekara goma da suka wuce. Wani kuma bai fi kan ɗan yatsa ba, maganaɗisu ne ya riƙe shi a bayan allon hanya.

Hikimar ita ce ba hukumar yawon buɗe ido ce ta zaɓi wuraren ba, mutanen yankin ne. Manomi ko malamar makaranta da ta san wata tsohuwar maƙabarta, ko gadar jirgin ƙasa da aka daina amfani da ita, ko wani tudu da ake hango kwari gaba ɗaya daga kansa, ita ce ta ajiye akwati don ta jawo baƙo ya gani. Mai tuƙa motar gida dama dole ya tsaya ya miƙe ƙafa, to maimakon gidan mai sai ya ratse. A jihar Kansas, wadda kowa ke kuka da ita cewa ba komai sai gona, dab da babbar hanyar I-70 akwai ma'ajiyar Mingo da aka ajiye tun Mayun 2000, ita ce mafi tsufa da ke raye har yau. A cikin manyan gandun dajin gwamnati galibi ba a yarda a ajiye akwati ba, sai aka kawo wani nau'i mai suna EarthCache: babu abin ɗauka, za ka tsaya ne gaban dutse ko maɓuɓɓuga ka lura, ka amsa tambaya kan yadda ya samu. Yaro ya yi darasi bai san ya yi ba.

Ba duka na yarda da shi ba. A Nevada, kan hanyar da suke kira E.T. Highway, an jera ma'ajiyoyi fiye da dubu, ɗaya bayan ɗaya a bakin titi, mutane na tsayawa suna tashi don dai lissafinsu ya ƙaru. Wannan tara lamba ce, kuma ita ce cutar da na gudo daga gare ta tun farko. Akwatuna ma ana sace su, wasu ka tarar an kwashe na kirki an bar murfin kwalba. Amanar baƙi ce ke riƙe da wasan, kuma a nan ma ba kowa ke da ita ba.

Sai maganar da masu tallan wasan ba sa yi. Mutum yana laluben ƙarƙashin benci ko gindin gada abin zargi ne. A garin Wetherby na Ingila a 2011 sai da aka rufe titi, masu kwance bam suka tarwatsa wani akwati da ashe na wasan ne. Ɗan uwa, in fatarka irin tawa ce, ga gemu, wannan lissafi ne da dole ka yi kafin ka sauka. Ni ba na neman na cikin gari ko na kusa da makaranta da banki, kuma ba na yi da dare. Na fi son na daji, da rana, tare da yara, waya a buɗe yadda duk wanda ya tambaya zan nuna masa. Can ɗin ma da nasa: kada ka cusa hannu a kogon dutse sai ka fara zungura da sanda saboda maciji mai ƙararrawa a wutsiya, da yamma kuma a duba jikin yara saboda kaska.

Wanda ke son gwadawa, shawarata ya yi hayar ƙaramar mota, kada ya saya, ya rage yawan zanguna ya ƙara kwana a kowanne. Ya sauke taswirar ma'ajiyoyin a waya tun yana gari, domin sabis na ɗaukewa da zarar an shiga tsaunuka. Ya kuma riƙe biro a aljihu, ƙananan ma'ajiyoyin ba su da wurin sa shi, kuma in babu sa hannunka a takarda mai akwatin na da ikon goge sunanka daga jerin waɗanda suka samu.