'Yan Iran da ke waje ba duka ne karnukan farautar Amurka ba

Duk lokacin da na taɓo zancen 'yan Iran mazauna ƙetare da ke neman a raba addini da mulki a ƙasarsu, sai wani ya ce min, "Malam, ai waɗannan Amurka ce ke ɗaukar nauyinsu." Wallahi na gaji da wannan amsar.

Ku dubi Hamed Esmaeilion, ɗan Iran likitan haƙori a Kanada. Ranar 8 ga Janairun 2020 dakarun juyin juya halin Iran suka harbo jirgin fasinjan Yukiren bayan tashinsa daga Tehran, mutum 176 suka rasu, ciki har da matarsa da 'yarsa mai shekara 9. Sai da hukumomi suka kwashe kwana uku suna musu kafin su amsa. Shi ne ya shige gaba a gangamin Berlin na Oktoban 2022, inda kusan mutum 80,000 suka fito bayan rasuwar Mahsa Amini a hannun 'yan sandan ɗa'a. Uban da ya binne 'yarsa ba sai an biya shi ba kafin ya fito titi.

Amma waɗanda suka fi shiga raina su ne masu rubuta sunaye. Ladan da Roya Boroumand, waɗanda aka kashe mahaifinsu a Paris a 1991, sun kafa cibiya a Washington suna tattara bayanan waɗanda aka kashe a Iran tun juyin juya halin 1979: sunan mutum, ranar da aka kashe shi, laifin da aka ɗora masa. Ƙungiyar Iran Human Rights da ke Oslo ta ƙirga aƙalla mutum 834 da aka zartar wa hukuncin kisa a 2023, sai 975 a 2024. Aiki ne na shiru, ba tafi ba guɗa, amma uwar da aka hana zaman makokin ɗanta ta san akwai inda aka ajiye sunansa.

Na san batun raba addini da gwamnati yana yi mana nauyi a kunne. Ni ma Musulmi ne. Sai dai ku tuna Mohsen Shekari, ɗan shekara 23, da aka rataye a Disambar 2022 bisa tuhumar "yaƙi da Allah", don an ce ya tare hanya ya raunata ɗan Basij, wato dakarun sa-kai na gwamnatin Iran. Wanda ya ga an rataye abokinsa da sunan Allah, ba zan zarge shi ba idan ya ce a cire hannun gwamnati daga addininsa.

Ba wai ban ga aibin 'yan Iran ɗin da ke waje ba. Manyansu sun haɗu a Jami'ar Georgetown da ke Washington a Fabrairun 2023 don haɗa kai, Reza Pahlavi ɗan tsohon sarkin Iran da Masih Alinejad da Shirin Ebadi da sauransu, wata biyu kacal tafiyar ta watse. Wasu masu son a dawo da sarauta suna yi kamar ba a taɓa yin SAVAK, 'yan sandan sirri na zamanin sarki, ba. Waɗanda kuma suka yi murna da hare-haren Isra'ila na Yunin 2025 sun ɓata min rai ƙwarai, domin har gidan yarin Evin da ke Tehran aka jefa wa bam, inda fursunonin da suke cewa suna karewa ke kulle.