Kokoro ya wuce zuciya kawai

An fassara sunan littafin marubucin Japan Natsume Soseki, Kokoro, da "zuciya" a wani labari, amma fassarar ta gaza. Tsokar da ke bugawa a ƙirji, Japanawa shinzo suke ce mata. Kokoro kuwa ya haɗa tunani da niyya da abin da mutum ya ɓoye a ransa.

Jaridar Asahi ta riƙa buga littafin kaɗan-kaɗan a 1914. Kashi uku ne, na ukun, wato wasiƙar da jarumin littafin, wanda ake kira Sensei (malam), ya rubuta wa matashin da ke ba da labarin, ya cinye kusan rabin littafin. Mai gaggawa kan gaji tun a kashin farko ya ajiye, alhali sai a wasiƙar ake jin yadda Sensei ya yi wa abokinsa K shigar sauri wajen neman yarinyar da K ke so, har K ya kashe kansa.