Garin da ya buɗe wa karenka ƙofa, amana ya ba ka

Masu tafiya hutu da karnukansu, yau da ku nake, kuma ni ma ina cikinku.

Akwai abin da na gani da idona, har yanzu yana ci mini rai. Muna tafe a wata 'yar hanya da ta ratsa makiyaya, karena na ɗaure a hannuna, sai ga wani kare ya sheƙo a guje ya faɗa cikin garken tumaki. Mai shi na can baya yana ta ƙwala kira, yana cewa ai ba ya cizo, wasa yake yi. Gaskiya ne, bai ciji ko ɗaya ba. Amma ina tunkiya ta san wasa? Mai ciki idan ta firgita ta yi gudun ceton rai, tana iya yin ɓari. Ɗan da ya rabu da uwarsa a cikin ruɗanin yana iya mutuwa da yunwa. Mai kare zai shiga mota ya tafi da hotunansa, asarar kuwa sai bayan kwanaki za ta fito, ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Shi ya sa ba na jin haushin dokokin da ake sa mana. A Ingila, idan ka shiga dajin da aka bai wa kowa izinin yawo a ciki, dole karenka ya kasance a igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, sannan a kowane lokaci in akwai dabbobin kiwo a kusa. Bakin teku da dama a can suna hana karnuka shiga daga Mayu zuwa Satumba. Garin Carmel na jihar Kalifoniya a Amurka kuwa ya yi suna wajen barin kare ya sake a rairayin bakin tekunsa, amma da sharaɗin yana jin kiran mai shi. To ka tambayi kanka tsakani da Allah: naka yana dawowa idan ya hango tsuntsu? In amsar ita ce "wani lokaci", igiya ta kama ka.

Wake ɗaya ke ɓata gari. Mai masaukin da ya karɓi kare yau, ya tarar an bar shi shi kaɗai a ɗaki yana haushi har dare, ya yage labule, gobe zai cire allon maraba. Mu da ba mu yi laifin ba, mu za a mayar daga bakin ƙofa. Haka batun kashi. Ba ƙazanta kaɗai ba ce: kashin kare na iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke sa shanu ɓari. Ka kwashe a leda, ka tafi da ita har inda kwandon shara yake.

Sai shi karen kansa, wanda sau da yawa ba a tambayar ko tafiyar ta yi masa. Kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake sauke zafin jiki, don haka motar da aka rufe a rana tarko ce gare shi ko da an sassauta gilashi. Rairayi da kwalta da tsakar rana suna ƙona masa tafin ƙafa. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, in kai ba ka iya jurewa, shi ma ba zai iya ba. Ruwan teku idan ya sha yana sa amai da gudawa, in ya yi yawa gishirin na iya kashe shi, saboda haka gorar ruwa ba ta barin jakata. Da yamma in mun dawo daga cikin ciyawa, sai na bi kunnuwansa da hammata da tsakanin yatsu ina neman kaska.

Mai niyyar tsallaka iyaka ya ga likitan dabbobi da wuri. Ƙasashen Tarayyar Turai suna neman 'yar na'urar shaida da ake sa wa a ƙarƙashin fata, da allurar haukan kare, kuma sai an cika kwana 21 bayan allurar farko.

Wani abu guda da mutane ba su cika sani ba: idan shanu suka taso muku, musamman masu 'yan maruƙa, a nan ne ake sakin igiyar. Karen ya fi ka gudu, kuma shi suke bi. Riƙe shi a wannan lokacin shi ke jawo su kanka.