Wa ya zaɓa maka ɗarikarka?

Har yau na kasa manta abin da ya faru a Munga Dosso, can ƙaramar hukumar Karim Lamiɗo a jihar Taraba. A watan Disamba na 2024, rikici tsakanin 'yan cocin United Methodist da 'yan Global Methodist, waɗanda suka ɓalle daga cikinsa, ya ci rai uku, biyu daga ciki yara ƙanana. Waɗannan fa mutane ne da kafin rabuwar suke zama benci ɗaya, suna karɓar Jibin Ubangiji daga hannu ɗaya. Na sani gardamar da ta raba su ba ta wasa ba ce, ta taso ne daga babban taron cocin a Amurka kan batun auren jinsi. Amma kafin ta iso ƙauye ta riga ta koma wa ke da ginin, wa zai riƙe makulli.

'Yan'uwa, mu gaya wa juna gaskiya: mu nawa ne muka zauna muka yi nazari kafin muka zaɓi ɗarikarmu? Turawan mishan ne suka raba ƙasa tsakaninsu kamar gonar gado, don kada su yi ta karo da juna. Ƙungiyar mishan ta SUM ta fara a Wase a 1904, aikinta a Filato ya haifi cocin COCIN. Masu mishan daga Denmak suka sauka Numan a 1913, ga cocin Lutheran na LCCN. Su Stover Kulp, masu mishan daga Amurka, suka yi sujadar farko ƙarƙashin tsamiya a Garkiɗa a 1923, ga EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Inda ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa tasha kuma aka sami cocin ECWA. Da an haifi kakanka a ƙetaren kogi, da yanzu wani zanen zumunta daban mahaifiyarka take ɗaurawa, kai kuma kana kāre shi da irin wannan zafin.

A gidanmu ma na ga wannan. Auren 'yar gwaggona sai da ya kusa watsewa, saboda an yi wa saurayin baftisma ta yayyafi yana jariri, mu kuwa nutsarwa muke yi. Dattawa suka yi ta kai da kawowa. Gwaggo tana zaune bakin murhu tana tuƙa tuwo, ta ce da wani dattijo, "Baba, yaron nan dai ba ya sha, ba ya zagi, yana karanta Littafi Mai Tsarki irin namu. Ruwan ne bai ishe ku ba?" Kowa ya yi dariya, amma sai da aka ƙara wata huɗu.

Ba ina cewa koyarwa ba ta da muhimmanci ba ne. Tana da shi, kuma akwai abin da ni ma ba zan sa masa hannu ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sai wuta ta kama muke tuna cewa gidanmu ɗaya. A ƙarshen Oktoba 2014, da Boko Haram ta ci Mubi da hedkwatar EYN a Kwarhi, dubban mutane suka kwarara Yola. Babban cocin Katolika na St Theresa ya buɗe ƙofa, Bishop Stephen Dami Mamza ya ciyar da su, har da Musulmi. Waɗanda ke rabon masara a wurin ba su tambayi kowa katin baftisma ba.

Muna da TEKAN, tarayyar wasu ɗarikunmu, tun 1955, muna da CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, tun 1976, to amma ni ba a taron shugabanni nake ganin begen ba (can ai kujera ce ke yawan haɗa faɗa). A gidan makoki nake ganinsa. Ka je ka ga matan zumunta daga coci huɗu ko biyar, kowace ƙungiya da kalar zanenta, wata ta ɗauko tulu ta fara bugawa, wata ta tayar da waƙa, sauran duk su amsa ba tare da an raba musu takarda ba, don duk sun iya ta tun suna 'yan mata. Yesu ya yi addu'a a Yohanna 17 cewa dukansu su zama ɗaya, kuma ban gaskata addu'arsa za ta faɗi ƙasa banza ba.

Ranar Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, cocin da ke bayan layinmu zan je sujada. Shekara tara ina jin waƙarsu ta taga, ban taɓa shiga ba.