Matasan Bauchi, sadakar Juma'a ba ta maye gurbin aiki

'Yan uwana matasa, da ku nake, musamman ku da Allah Ya buɗa wa kuka kafa shago a Wunti ko Muda Lawal, da ku da kuka samu kujera a ofis, da masu riƙe da ƙungiyoyin raya al'adun garuruwanmu. Mun ƙware wajen miƙa wa gurgu naira ɗari ta tagar mota ranar Juma'a, mu tsaya ya yi mana addu'a. Amma ranar da ya shigo da takardunsa yana neman aiki, sai mu ce masa "Allah Ya ba da haƙuri", kamar bara ta kawo shi. Wannan ɗabi'a ya kamata mu ji kunyarta.

Ko ba don tausayi ba, akwai doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya. Ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Wanda ya nuna musu wariya yana iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuwa miliyan ɗaya. Ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar da keken guragu zai bi, wa'adin ya cika tun farkon 2024. To ku duba ƙofar wurin aikinku gobe da safe, ku ƙirga matakalar da ke gabanta.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan ƙauye. Ɗauki makaho daga wani ƙauye a Dass ko Bogoro ko Warji. Harshen da ya tashi da shi Jaranci ne ko Sayanci ko Warjanci, Hausa a kasuwa ya tsince ta, ga shi za a yi masa tambayoyin ɗaukar aiki da Turanci, a kuma miƙa masa fom ya cike da biro. Bai riga ya buɗe baki ba an kayar da shi. Kurma ma haka: yaren hannu da ake koyarwa a makarantu tushensa na Amurka ne, ya bambanta da maganar hannu da kurame suka gada a garuruwanmu, don haka wanda bai je makaranta ba yana iya tsayawa gaban tafinta bai gane komai ba. In za ku gwada irin waɗannan mutane, ku gwada su a kan aikin kansa. Ku ba shi keken ɗinkin, ko wayar da ta lalace, ko injin walda, ku ga abin da hannunsa zai yi. Da yawa daga kekunan guragun da kuke gani a titi, waɗanda shan inna ya taɓa ne suka ƙera su da kansu.

Kuma ba sabon abu nake kawo muku ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka, amma Manzon Allah (SAW) ya sa shi ladanci, ya kuma sha barin Madina a hannunsa idan zai fita. Amana aka ba shi, ba kwanon bara ba. Kakanninmu ma sun naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, suna da bakin magana a fada. Masu son wasanni kuwa su tuna gasar Olympics da ta masu naƙasa a Rio a 2016: lafiyayyunmu tagulla ɗaya suka kawo, masu naƙasa suka dawo da zinare 8.

Sai maganar bukukuwa, inda nan ne matasa muka fi iko, tunda mu ne 'yan kwamiti. Ko hawan sallah ne, ko bikin al'adun Sayawa ko na Jarawa ko na Gerawa, ku lura da inda masu naƙasa suke tsayawa: bakin ƙofa, cikin rana, 'yan sintiri na korarsu kada su ɓata wa manyan baƙi hoto. Alhali a ƙauyuka da dama tsohon makahon nan shi ne ya haddace waƙoƙin gargajiya da kirarin zuriya da jikokinsa suka manta. Ku ba shi lasifika. Ku ware wuri a gaban rumfa don masu keke, ku tsayar da mai fassara da hannu kusa da mai jawabi, ku ba masu saƙa igiya da tabarma da masu ɗinka takalma wurin baje kaya ba tare da kuɗin rumfa ba. Duk wannan bai kai abin da ake kashewa a kan anko ba.

Wanda kuma ya ɗauki mai naƙasa aiki, don Allah ya biya shi daidai da abokan aikinsa, kada a zaftare masa albashi a ce ai taimakonsa ake yi. Idan ya makara ko ya ɓata aiki, a yi masa faɗa kamar kowa. Kuma kada a ɗora hotonsa a Facebook sai an nemi izininsa.