Littafin Bashin Bakano

Wannan abin ya faru ne ran Asabar 13 ga Nuwamba 2021 a birnin Sinsinati na jihar Ohayo ta Amurka, a falon wani Bakano mai tuƙa Uber wanda tunda ɗansa ya shiga jami'ar garin ya kamu da ciwon ƙwallon ƙafar Amurka, ƙwallon nan tasu ta hular kwano. Bazazzage sabon ɗalibi ya shigo ya tarar da talabijin a kunne, laftof a kunne, waya a jingine da fulas ɗin shayi, ko'ina wasa daban ake, ga Alhaji da wani dogon littafi irin na 'yan Kantin Kwari.

Bazazzage: Salamu alaikum. Alhaji ya jiki? Ka ga sanyin nan, don Allah ka riƙa sa rigar sanyi.

Bakano: Lafiyata lau, zauna kai shiru, ƙungiyar jami'ar Indiyana na cikin wani hali.

Bazazzage: Au, yau ne wasan naku?

Bakano: Mu jiya Juma'a muka buga, mun ci, wasa 10 kenan ba wanda ya taɓa mu.

Bazazzage: To Indiyana ɗin ɗan'uwanku ne?

Bakano: 'Yar'uwa ake cewa, ku Zage-zagi har ƙungiya sai kun mayar da ita namiji. Ba 'yar'uwarmu ba ce, a watan Satumba har gidansu muka je muka zuba musu 38 da 24.

Bazazzage: Ka doki mutum a gidansa, yanzu kuma wani na dukansa kana haɗa gumi. Alhaji ko dai hawan jinin ne ya motsa?

Bakano: Ɗan malam, tsaya in karantar da kai tunda ku karatun naku iya allo ya tsaya. Manyan jami'o'in da ke wannan ƙwallo 130 ne, kowacce wasa 12 take bugawa, ka ga ba yadda za a yi kowa ya haɗu da kowa kamar Firimiya, kuma gurbin gasar ƙarshe 4 ne tak. To wasu mutane 13 ne ke kulle kansu a otal can Tekzas, duk Talata da daddare su fito su ce wane ne na ɗaya wane ne na biyu.

Bazazzage: Masu zaɓen sarki kenan.

Bakano: Yauwa! Kuma ba sa tambayar nawa ka ci kawai, sai sun ce WA ka ci. Kamar dambe ne, in ka zo kana kirari ka yi kisa 10 sai a ce su wa ka kashe, in aka duba duk almajirai ne masu jiran sadaka ai ko makaɗi ba zai ɓata kalangunsa a kanka ba.

Bazazzage: To Indiyanan almajiri ne?

Bakano: Wlh da muka sa su a jadawali mutanen kirki ne, farkon kakar nan suna na 17 a duk ƙasar, mun ɗauka mun kama babban kifi ashe tarwaɗa ce ta kwana a rana. Duba nan, sun ci 2 an ci su 7, yau ga Rutgas na yi musu wankin babban bargo.

Nan talabijin ta nuna an tashi 38 da 3. Alhaji ya lashi bakin biro (biro fa, ba fensir ba, amma sabo da kasuwa) ya ja layi.

Bazazzage: 38? Golansu ya rasu ne?

Bakano: Babu gola a wasan nan.

Bazazzage: Shi ya sa. Ni da ma tunda na ga ƙwallon kamar gwanda kuma da hannu ake runguma ana ce mata ƙwallon ƙafa na san akwai magana. Wannan dogon littafin fa?

Bakano: Littafin bashi. Duk wanda muka doka ina binsa bashin ya je ya doki wasu. Ka taɓa ganin ɗan kasuwa na fatan wanda yake bi kuɗi ya karye? Ai kai ne mai kai masa maganin zazzaɓi, kai ne mai tambayar ya iyali.

Bazazzage: Ƙwarai kuwa. Alhaji ka sha maganinka na rana?

Bakano: Na sha, kai ka cika damuwa da jikina. Kalli wannan shafin, Notar Dam, ita ce babbar kadarata. Ran 2 ga Oktoba muka je filinsu muka ci 24 da 13, kuma kocinsu Brian Kelly namu ne da, ya gudu ya bar mu a 2009, ranar har rawa na yi a cikin mota fasinja ya ba ni tauraro ɗaya. To tun daga ranar ba su sake faɗuwa ba, yau da dare suna da Bajiniya, azumin nafila na so in yi musu uwargida ta hana.

Bazazzage: Ba makarantar Katolika ba ce?

Bakano: Bashi bai san addini ba.

Bazazzage: To su waɗannan na cikin laftof?

Bakano: Nan ne kaina ke ciwo. Jami'o'in SMU da UCF ne ke karawa, UCF mun riga mun doke ta, SMU kuma mako mai zuwa za ta zo mana, duk wadda ta faɗi ni aka yi wa asara, kamar mutum biyu da kake bi kuɗi su kama kokawa a ƙofar shagonka. Amma gara SMU ta ci, ta zo mana da ƙiba mu yanka.

Bazazzage: Kiwon ragon layya.

Bakano: Ka fara ganewa. Bayan littafin kuma shafin 'yan baƙin ciki ne, waɗanda ke gabanmu a layi, Oregon da Ohayo Sitet, kowaccensu an ci ta sau 1 mu ba a ci mu ba amma kwamiti ya ajiye mu na 5, su kam kullum addu'ata Allah ya haɗa su da daidai su.

Bayan sati uku, Lahadi 5 ga Disamba, Bazazzage ya dawo da ledar lemo da citta.

Bazazzage: Na ji kana tari a waya, ga wannan.

Bakano: Bar tari, zo ka ga ciniki! Yuta ta yi wa Oregon 38 da 7, Mishigan ta ci Ohayo Sitet 42 da 27, jiya Oklahoma Sitet da ke neman gurbinmu saura taƙi ɗaya ɗan wasansu ya taɓa layin ci jami'ar Belo ta tare shi, Notar Dam ta gama da 11 da 1 kuma wannan 1 ɗin mu ne, mu kuma mun ci wasa 13 har da na kofin rukuninmu, ba a ci mu ko ɗaya ba. An sa mu na 4! Tunda aka fara tsarin nan a 2014 ba a taɓa ɗaukar 'yar ƙaramar rukuni irin tamu ba.

Bazazzage: Indiyana fa?

Bakano: 2 da 10. Na yafe, na yage shafin na goge gilashin mota.

Bazazzage: To wa za ku kara da shi?

Bakano: Alabama.

Bazazzage: Shi ma almajiri ne?

Bakano: ...Zuba mana shayi.

Ran 31 ga Disamba aka tashi Alabama 27, Sinsinati 6. Bazazzage ya shigo da sallama ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki, sai ya tarar Alhaji ya buɗe sabon shafi yana rubutu.

Bazazzage: Sannu da haƙuri. Me kuma ake rubutawa, kasuwa ba ta tashi ba?

Bakano: Alabama nake sawa. Ran 10 ga Janairu za su yi wasan ƙarshe da Jojiya, dole su ɗau kofi, in ana ba da labari a ce zakaran ƙasa ne ya fitar da mu.

Bazazzage: Wanda ka doka kana masa addu'a, wanda ya doke ka kana masa addu'a, kai Alhaji yaushe kake wa kanka?

Bakano: Ai ga ka nan, kullum kana tambayar jikina, ka kawo citta ka kawo lemo, wallahi duk Zariya ban ga mai zumuncinka ba.

Bazazzage ya sa hannu a aljihun jaket ya zaro wani ɗan ƙaramin littafi, ya lashi yatsa ya buɗe.

Bazazzage: Shafi na 1, Alhaji Bakano, dala 200 na gyaran birki, tun watan Agusta. Ya tarin, ya yi sauƙi?